Akuyar da haihuwa ta tsaya mata

Ƙanena, ka tambaye ni wai in mai dabba ya kira ka tsakar dare akuya ta kasa haihuwa ko za ka iya buɗe cikin ka ciro ɗan, tunda kai kake riƙe min fitila in ina yi wa dabba tiyata a matsayina na likitan dabbobi. A'a, kar ka yi. Kuma wallahi ba raina ka nake ba, hannunka ya fi na wasu masu takarda natsuwa, na gani da idona.

Yankan kawai kake gani, lissafin da nake yi kafin in ɗauki wuƙa a kaina yake. Ɗauki zailazin da muke kwantar da dabba da shi, abin da ake ba saniya wajen kashi 1 cikin 10 ne na abin da doki ke ɗauka in ka auna da nauyin jiki, akuya kuma ta fi saniya rauni a kansa. An taɓa kira na wajen Kara, kasuwar dabbobi a Bukuru, wani yaro ya zuƙi maganin nan a sirinji da ido, bai auna ba, ya danna wa akuya, kafin in iso cikinta ya kumbura kamar ganga, yawu na zuba, numfashi ya tsaya tun ba a taɓa ta da wuƙa ba, ga 'ya'ya biyu a ciki, mai ita kuma tsohuwa ce da ita take sa ran biyan kuɗin makarantar jikanta. Har yau in na tuna kukan matar nan raina ɓaci yake.

Ga doka kuma, tiyata aikin likitan da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa ta yi wa rajista ne, in ta ɓaci da ni da kai duk sai mun amsa.

Naka kuma ba kaɗan bane, wanke ciwo, gwada zafin jiki, maganin tsutsa, allurar da na rubuta. In kana son wuce haka ga garin Vom nan kusa da Jos a ƙofar gida, tun 1924 ake aikin dabbobi a can, shiga kwalejin lafiyar dabbobi, ni zan saya maka fom.

In an sake kiranka, wanke hannu ka sa safa, duba ko kai ne ya fito ko ƙafa, kar ka ja da ƙarfi, ka tambayi awa nawa ta yi tana naƙuda sannan ka buga min ko ƙarfe biyun dare ne zan ɗauka.