Kumburin jijiyar jini a jikin jariri: dole ne sai an yi aiki?

Tambaya: Likita, ɗana bakwaini ne, an sa masa siririyar roba ta cibiya bayan haihuwa. Yanzu watansa biyu, hoto ya nuna babbar jijiyar jini ta cikinsa ta kumbura. Me ya jawo, kuma dole ne sai an yi masa tiyata?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ya faru shi ne bangon jijiyar ya yi rauni a wuri ɗaya, bugun jini ya riƙa tura shi har ya buɗe kamar balan-balan. Ba kasafai ake ganin wannan a jarirai ba. A yaro irin naki, abin da aka fi zargi ƙwayar cuta ce, yawanci Staphylococcus aureus, da ta bi robar ta kama bangon. Robar kuwa ba a sa ta don ganganci, da ita ake ceto bakwaini da yawa. Wasu yaran kuma gado ne, kamar ciwon Marfan; wasu kuwa cutar Kawasaki ce mai taɓa jijiyoyin zuciya.

Da sikanin ake farawa, don ba ya cutarwa kuma yana nuna gudun jini. In za a yi aiki sai a ƙara da hoton CT ko MRI, a ga ko kumburin ya kai rassan da ke kai jini ƙoda da hanji. Ana kuma gwada jini a gano ƙwayar cutar.

Ƙaramin kumburi wanda ba ya ƙaruwa, ana iya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni, ana bibiya. Amma wanda ke girma, ko jini ya daskare a ciki, ni ba na son a jira shi, don fashewa ba ta sallama.

Wahalar aikin biyu ce. Jariri mai kilo 3 jininsa duka bai wuce mililita 250 zuwa 270 ba, zubar kaɗan ma babbar asara ce. Ta biyun ta fi damun likitan tiyata: yaro zai girma, jijiyar roba da ake sawa a madadin wurin da ya lalace kuwa ba ta girma. Shi ya sa in kumburin gefe guda ya ɓullo, ake yanke shi a yi faci. In ya zagaye jijiyar, sai a cire a sa bututu mai ɗan faɗi, kuma wataƙila a sake shi nan gaba.

Kafin lokacin, in kika ga cikinsa ya kumbura, ƙafa ta yi sanyi ko ta sauya launi, ko ya ƙi nono ya yi laushi, ki kai shi asibiti a take.