Me Ya Sa Notin Sitenles Ya Yi Tsatsa?

Tambaya: Malam, na ɗaure tankin ruwana da notin sitenles, wata shida sai ga jan tsatsa a ƙarƙashin wasa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti. An cuce ni ne?

Amsa: Ba lallai ba, ɗan'uwa. Abin da ke kare sitenles daga tsatsa shi ne kuromiyam, wani ƙarfe da ake haɗawa a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a kan ƙarfen. Ƙarƙashin wasa iska ba ta shiga, ruwa ya kwanta, gishiri ko kulorin ya cinye fatar. Na sha kwance irin wannan, kan notin fes, gindinsa duk ramuka.

Duba lambar da ke kan notin, ita ke nuna irin sitenles ɗin. A2 (304) ya isa wuri busasshe. Inda akwai danshi da gishiri, nemi A4 (316), mai molibdinam, ƙarfen da ke ƙara masa jure gishiri. Kuma kada ka goge shi da burushin baƙin ƙarfe, ɓurɓushinsa ma tsatsa yake haifarwa.