Masarautar Korsika a ƙarƙashin sarkin Ingila, 1794 zuwa 1796

Ka tambaya ko da gaske ne tsibirin Korsika, mahaifar Napoleon, ya taɓa zama ƙarƙashin sarkin Ingila. Gaskiya ne, sai dai masarautar ba ta wuce shekara biyu da 'yan watanni ba.

A 1793 jagoran tsibirin, Pasquale Paoli, ya raba gari da gwamnatin juyin juya halin Faransa, ya nemi taimakon Birtaniya. Dakarunta suka ƙwace garuruwan Bastia da Calvi na tsibirin a 1794, kuma a yaƙin Calvi ne harsashin igwa ya watsa wa Horatio Nelson, hafsan sojan ruwan Birtaniya, tsakuwa a fuska, idonsa na dama ya daina gani. A watan Yunin shekarar, taron wakilai a garin Corte ya amince da tsarin mulki, ya karɓi George na Uku na Ingila a matsayin sarki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka yi da Paoli, wanda ya buɗe wa Turawan Ingila ƙofa: Gilbert Elliot aka naɗa wakilin sarki, Paoli kuwa aka tura shi Landan a 1795. Da Sifaniya ta haɗa kai da Faransa a 1796, Birtaniya ta kwashe sojojinta a watan Oktoba, Faransa ta sake karɓe tsibirin.