Aljanin Mutuwa na Vudu a Ƙagaggen Labari: Mene ne Hukuncinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a jami'a, ina taɓa rubuce-rubuce. Wasu matasa 'yan ƙasar waje da muka haɗu a intanet suna haɗa wasan kwamfuta, suka ba ni aikin rubuta labarinsa, suna biya na. Duniyar wasan ƙagaggiya ce, rana ba ta fitowa a cikinta, matattu suna tashi daga kaburbura. Mai mulkin maƙabartar wani aljani ne da aka ɗauko daga Baron Samedi na addinin Vudu na ƙasar Haiti. Idan ɗan wasa ya mutu sai ya je gabansa su yi ciniki, ya miƙa masa giya ko baƙin zakara, shi kuma ya mayar masa da rai. An ce in nemo waƙoƙin kiransa na ainihi da zanen da ake yi masa a ƙasa don wasan ya yi armashi. Na nemo, na kwafa. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Yayana ya ce na yi ridda, abokina ya ce ai tatsuniya ce. Malam, ina matsayina, kuma kuɗin da na karɓa fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, fara kwantar da hankalinka: ba ka yi ridda ba. Rashin kwanciyar zuciyar nan da ka ambata ma alama ce ta imani yana nan da ransa. Ka gaya wa yayanka cikin ladabi ya janye kalmarsa, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Sai dai shi ma abokinka bai dace ba. Da tatsuniya ce zalla da na sallame ka a layi biyu.

Ƙaga labari a kan kansa halal ne, matuƙar mai karatu ya san ƙage ne. Malamai sun karanta Kalila wa Dimna da Maƙamomin Hariri ƙarni bayan ƙarni ba su kira su ƙarya ba, mu ma da Gizo da Ƙoƙi da Dodo aka raine mu. Kawo mugu cikin labari, ko mushiriki, ko matsafi, shi ma bai haramta ba. Alƙur'ani ya hakaito Fir'auna yana cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, ya hakaito sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim yana cewa “ni ma ina rayawa ina kashewa” a aya ta 258 cikin Baƙara, ya jero sunayen gumakan mutanen Nuhu ɗaya bayan ɗaya. Muna karanta waɗannan ayoyin a cikin salla. Daga nan malamai suka ɗauki ƙa'idar cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Amma ƙa'idar tana da linzami. Alƙali Iyal, a cikin Asshifa da ake karanta mana duk azumi, da ya zo kan wanda yake hakaito mummunar magana daga bakin wani, bai yanke hukunci guda ba. Ya ce a duba yadda aka hakaito da manufar mai hakaitowa, sai hukuncin ya kasu: wani wajibi, wani mustahabbi, wani makaruhi, wani haramun. A babin alfarmar Annabi (SAW) ya faɗe ta, amma ma'aunin yana aiki a nan.

To mu ɗora aikinka a kan ma'aunin. Wane ne wannan Baron Samedi? Babu marubucin da ya ƙage shi a teburinsa. Vudu addini ne mai mabiya har gobe. Tushensa yana nan kusa da mu, wajen Fon da Ewe na Jamhuriyar Benin da Togo, kalmar “vodun” a harshen Fon tana nufin iska ko abin bauta. Bayin da aka kwasa ta tashoshi irin su Wida suka ƙetara da shi Haiti, ya cuɗanya da Katolika a can. A Benin ana bikinsa a watan Janairu duk shekara, a Haiti kuma hukuma ta amince da shi a matsayin addini a 2003. Mabiyansa sun yarda da mahalicci guda da suke kira Bondye, amma suna ganin ya yi nisa da al'amuran bayi, don haka suke bi ta kan iskoki da suke kira lwa. Wannan ita ce hujjar Ƙuraishawa sak, wadda aya ta 3 cikin Zumar ta hakaito: ba mu bauta musu sai don su kusantar da mu ga Allah.

Baron Samedi shi ne uban gidan iskokin matattu da ake kira Gede. Suna siffanta shi da doguwar baƙar hula da baƙar kwat da baƙin tabarau, an toshe masa hanci da auduga kamar gawar da aka shirya, sigari a baki, yana ɓarin batsa. Ana zuba masa giyar rake da aka jiƙa barkono a ciki, ana yanka masa baƙin zakara ko baƙar akuya, a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba kuma jama'a su cika maƙabartu don bikinsa. Aƙidarsu a kansa ita ce: duk tsananin ciwo ko sammu, mutum ba zai mutu ba sai Baron ya yarda ya haƙa masa kabari. Tsoronsa ya kai shugaba François Duvalier, wanda ya mulki Haiti daga 1957 zuwa 1971, yana kwaikwayon shigarsa don ya razana talakawansa. Ka ga ke nan cinikin rai da ke cikin wasanku ba ƙirƙirar abokan aikinka ba ce, aƙidar mutane ce aka ɗauko ɗungurungum.

Bahaushe ba ya buƙatar doguwar fassara a nan. Su ma suna cewa iska ta “hau” mutum, suna kiran wanda aka hau “doki”, kamar dai yadda 'yan bori suke cewa doki da godiya. Ina yaro akwai gidan da ake wasan bori a bayan unguwarmu. Ina tuna garaya tana tashi, wata mata ta yi tsalle ta faɗo daɓas a kan ɗuwawu, muryarta ta sauya, har sai ta yi atishawa a ce ya sauka. Mu yara muka dawo soro muna kwaikwayo, wannan Ɗan Galadima, wancan Sarkin Rafi. Kakata ta ƙyale mu muna labarin abin da muka gani, har tana dariya. Da ta ji ɗayanmu ya fara rera kirarin kiran, sai ta fito da muciya a hannu. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta raba ba da labarin iska da kiran iska, kuma a kan wannan rabewar fatawar nan take tsaye.

Waƙoƙin da ka kwafo addu'o'i ne ga wanin Allah. Zanen nan da suke kira veve, wanda ake yi a ƙasa da garin masara, mai gicciye bisa kabari, an tsara shi ne don gayyato iskar wurin. Sanya su cikin wasa da lafazinsu na ainihi haramun ne, ko da kai ba ka yi imani da su ba, domin ka tashi daga mai ba da labari ka koma mai rarraba kayan tsafi. Yaro zai haddace waƙar yana rerawa a hanyar makaranta bai san da wa yake magana ba. Allah Ya ba da labari a aya ta 6 cikin Suratul Jinni cewa wasu maza daga mutane sun kasance suna neman tsari da wasu maza daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Ban ce duk wanda ya danna maɓalli aljani zai shige shi ba, ba na son a tsorata mutane da abin da ba shi da dalili. Haramcin bai dogara a kan ko kiran ya ci ko bai ci ba.

Sai miƙa zakara da giya. Wanda ya danna waya bai yanka komai ba, don haka la'anar da ta zo a hadisin Sayyidina Ali a Sahihu Muslim kan wanda ya yi yanka don wanin Allah ba ta hau kansa a zahiri. Amma dubi abin da wasan yake koyarwa: ka shiga tsanani, ka yi baiko, wato ka miƙa hadaya, a fitar da kai, sau ɗari a dare guda. A labarin da ake karantawa kana kallon mushiriki daga nesa. A wasa kai ne shi, hannunka ne yake miƙawa, kuma sai ka miƙa kake cin nasara. Tsara wasa a kan wannan bai halatta gare ka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar mutuwa kanta. Allah ne Ya halicci mutuwa da rayuwa, haka Suratul Mulk ta buɗe. Mala'ikan mutuwa wakili ne da aka ɗora wa aiki, kamar yadda aya ta 11 cikin Sajada ta faɗa, ba ya ciniki, ba ya karɓar toshiya, ba ya jinkirta kowa. (Sunan Azara'ilu da ya yaɗu a bakinmu bai zo a Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi ba, Malakul Mauti nassi ya ce.) Su kuwa aljanu, Annabi Sulaiman ya rasu yana dogare da sandarsa suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Wanda bai gane gawa a gabansa ba, yaya za a naɗa shi sarkin maƙabarta? Ita kanta mutuwar, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id cewa za a zo da ita ranar ƙiyama a siffar rago a yanka ta tsakanin Aljanna da Wuta. Marubuci Musulmi da ke riƙe da irin waɗannan hotuna, me zai ara a wurin mai baƙar hula?

Ga abin da za ka yi. Goge waƙoƙin da zanen daga aikin da kuma na'urarka, ka yi istigfari. Ka cire sunan Baron Samedi da siffarsa, ka ƙagi naka halitta da sunan da ba a bauta wa a ko'ina. Duhu da ban tsoro da kaburbura ba laifi ba ne. Halittar taka tana iya iƙirarin tana riƙe da rayuka, mutanen labarin suna iya gaskata ta su yi mata baiko, kamar yadda mutanen Fir'auna suka gaskata shi, muddin ginin labarin bai tabbatar mata da iƙirarin ba, kuma ɗan wasa ba ya tsira ta hanyar rusuna mata. Kada kuma ka juya abin ya zama izgili ga mutanen Haiti. Aya ta 108 cikin An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke kira, kuma jikokin bayin da suka karya sarƙar Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804 sun sha isasshen ƙazafi a hannun masu fina-finai. Muna ƙin aƙidar, muna roƙa musu shiriya. Batun zanen masu rai a fuskar kwamfuta kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya hoton da ba shi da inuwa bai kai haramun ba, ba nan matsalarka take ba.

Ka kai wa abokan aikinka wannan gyara a matsayin shawarar marubuci, ka nuna musu cewa halittar da kuka ƙaga da kanku taku ce, ba ta taɓa addinin kowa. In sun karɓa, ci gaba da aikinka. In sun dage sai da waƙar da zanen da baikon, ka nemi a ba ka wani sashe na labarin, in ya gagara ka ajiye aikin.

Kuɗin da ka riga ka karɓa kan sassan da ba su da wannan matsala halal ɗinka ne. Abin da ya faɗo kan nemo waƙoƙin da zanen, tunda ka yi shi kafin ka san hukunci, ina fatan babu komai a kanka. In ka ƙiyasta shi ka sadakar, ya fi maka tsarki, kuma shi na fi so maka.

Allah ne Mafi sani.