Ƙanwata Ba Ta Rabuwa Da Hoton Ɗauki-kanka

Tambaya: Anti, ƙanwata mai shekara 19 takan ɗauki kanta hoto sau talatin kafin ta zaɓi ɗaya ta ɗora a Instagram. In awa guda ta wuce ba a yaba ba, sai ta goge, ranta a ɓace. Ciwo ne?

Amsa: 'Yar'uwa, likitocin ƙwaƙwalwa ba su sanya wannan cikin jerin cututtuka ba. Labarin da ya bazu a 2014 cewa ƙungiyarsu ta Amurka ta yi hakan ƙarya ne. A 2015 dai, wani bincike na Jami'ar Jihar Ohayo kan maza 800 ya gano cewa masu yawan ji da kai sun fi ɗora irin waɗannan hotuna.

Amma gogewar nan ta fi tsaya mini a rai.  Ina ganin ƙanwarki ba ta yarda da kanta ba, yabon mutane take jira ya gaya mata darajarta. Kada ki yi mata gori. Ki riƙa yabon hankalinta da aikinta. In abin ya fara hana ta barci ko karatu, ku ga likita.