Tambaya da Amsa: Ana kirana 'yar koren Turawa saboda rubutu kan haƙƙin mata

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma nakan yi rubutu a Facebook game da matan da ake saki a kore su tun ba su gama idda ba, da waɗanda 'yan'uwansu maza ke danne musu gadon gona. Yanzu an sa ni gaba, ana cewa ni 'yar koren Turawa ce, na ɗauko aƙidar feminizim don in kashe wa mutane aure. Mahaifiyata ta ce in daina kada in kori manema. Shin wannan gwagwarmaya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, kuma in daina ne ko in ci gaba?
Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Abubuwa biyun da kika ambata ba sai an je Ingila neman hujjarsu ba, domin ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin idda ta cika, aya ta 7 ta Suratun Nisa'i kuma ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. Mai cewa Turawa ne suka aiko ki da wannan magana, ki roƙe shi cikin ladabi ya buɗe Alƙur'aninsa.

Batun baƙunta kuwa, Zariya ba garin da za a yi wannan zargi ba ne. A nan Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana matashiya, ta jagoranci reshen mata, ta yi ta kiran a bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a, aka ɗaure ta sau 16. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa suna gida, kuma sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa. Babu irin sunan da ba a kira ta da shi ba a lokacin, amma yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. A jami'arku kuma aka yi taron 1982 wanda ya haifar da ƙungiyar fafutukar haƙƙin mata ta WIN (Women in Nigeria), wadda ta karɓi maza a cikin mambobinta, ta kuma dage cewa talakar mace wahala biyu take sha, ta talauci da ta kasancewarta mace. Ƙungiyar FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, da aka kafa a Minna a 1985 ta bi wata hanyar dabam, ta gina aikinta a kan koyarwar Musulunci. Kin ga ke nan su kansu masu fafutukar ba bakinsu ɗaya ba, kuma babu wanda ya wajabta miki sayen duk abin da wata marubuciya a Amurka ta kasa a faifai.

Abin da na fi so ki yi nazari a kai shi ne shari'ar Amina Lawal, wadda kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a 2002 saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta. Duniya ta ɗauka, takardun koke suka yi ta yawo a intanet, wasunsu ɗauke da labaran da ba gaskiya ba, har da ranar da wai za a zartar da hukunci. A 2003 Dokta Ayesha Imam, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WIN, ita da abokan aikinta na ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB suka fito suka roƙi masu wannan kamfe daga waje da su dakata, domin ƙarya da zagin addini na iya tunzura jama'a, su jefa wadda ake son ceto cikin haɗari. A watan Satumba na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, kuma hujjojin da lauyoyinta, ciki har da Barista Hauwa Ibrahim, suka kafa daga cikin fiƙihun Malikiyya da dokar jihar suka fito: alƙali ɗaya ne ya zauna alhali doka ta ce uku, tana da ikon janye iƙirarin laifin da ta yi a kotun farko, sannan Malikiyya ta yarda da kwantaccen ciki, wanda za a iya jingina wa tsohon miji ko da an yi shekaru da rabuwa. Hayaniyar waje ta sa an san da maganar, amma sanin littafi ne ya fitar da ita.

Saboda haka shawarata ita ce ki ci gaba, amma ki ƙara karatu fiye da yawan rubutunki. Harabar jami'arku ta Kongo ba ta da nisa da Samaru, kuma can ne tsangayar shari'a da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci suke. Ki san babin idda da ciyarwa da hul'i da gado, ki kuma san dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irinta a 2018, da ofisoshin lauyoyi mata na FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, inda za ki iya tura wadda ta kawo miki kuka. Yunƙurin ArewaMeToo na 2019, inda matan Arewa suka hau shafukan sada zumunta suna ba da labarin cin zarafin da aka yi musu, ya sa mata da yawa sun faɗi abin da suka daɗe suna haɗiyewa, sai dai ya kuma nuna cewa ambaton sunan mutum ba tare da shaida ba na iya mayar da mai ƙorafi ta zama wadda ake tuhuma. Kada ki wallafa suna ko hoton kowa sai da izinin mai maganar da shawarar lauya. Wani abu kuma da mu 'yan boko ba mu son a taɓo: yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye take wanke-wanke a gidajenmu, ba ta zuwa makaranta, ita ma mace ce, kuma rubutun da ya tsallake ta bai cika ba.

Mahaifiyarki kuma ba abokiyar gaba ba ce, tsoronta yana da tushe, domin ta san yadda bakin mutane ke bin 'ya mace har gidan miji. Kada ki yi mata gardama. Ki riƙa karanta mata abin da kika rubuta kafin ki saka, ki cire duk kalmar da ta ji nauyinta, ki kuma tambaye ta labarin matan danginku da aka raba gado ba a kira su ba. Idan bayan haka ta nace, ki dakata da Facebook na ɗan lokaci, ki mayar da ƙarfinki ga raka masu ƙara zuwa wurin lauya ko alƙali.