Tambaya da Amsa: Me ya sa sai an rubuta takardar bayanin guntun Wi-Fi kafin a karɓi gyara a Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gyaran rauta da ƙananan na'urori a Tudun Wada, Kaduna. Na ɗora Linux a kan wani allo, na yi wa direban Wi-Fi (manhajar da ke sarrafa shi) faci, wato ɗan gyara, har ya fara aiki, kuma ina so in aika gyaran ga masu kula da kanel, wato zuciyar manhajar Linux. Sai na karanta cewa dole in haɗa da takardar da ke bayyana guntun, wato chip ɗin da ke aikin Wi-Fi a kan allon. Idan direba yana aiki, ina amfanin takardar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Amfaninta yana fitowa ne idan muka duba yadda kanel yake gane abin da ke kan allo.

Kayan da aka haɗa ta USB ko PCIe suna iya gabatar da kansu, su faɗi lambar kamfaninsu da tasu, kanel ya nemo musu direba. Amma a allunan da ke da furosesa nau'in ARM, irin na rauta, akwai abubuwa da yawa da babu mai faɗa wa kanel su sai an rubuta masa, shi ya sa ake amfani da Devicetree, wato bishiyar da ke jera kayan allo da yadda aka haɗa su. Tsarin ya samo asali daga Open Firmware, wanda ya zama ƙa'idar IEEE 1275 a 1994, kuma ɓangaren ARM na Linux ya koma kansa daga wajen 2011, bayan Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya koka da tarin fayilolin da ake rubuta wa kowane allo nasa daban. Takardar da ake nema a wurinka ita ce ke ƙayyade abin da ya halatta a rubuta a wannan bishiya game da guntunka, kuma mazauninta shi ne Documentation/devicetree/bindings/net/wireless, inda za ka tarar da na Qualcomm da Broadcom da MediaTek da sauransu.

Guntun Wi-Fi yana da rikitarwa ta musamman, domin ko da yana kan hanyar da ake iya gano shi, yakan buƙaci taimako tun kafin ya farka. Ɗauki Raspberry Pi 4, wanda guntunsa CYW43455 yake kan SDIO, hanyar haɗi irin ta katin SD: kanel ba zai gan shi ba sai an kunna shi ta ƙafar lantarki (pin) da aka tanada, kuma guntun da bai farka ba ba zai faɗi wace ƙafa ce ke tashinsa ba. A wasu allunan har da wutar da ke ciyar da shi, da agogon da yake bi, da layin da yake kiran furosesa ta kansa idan saƙo ya iso. Sai kuma bayanan saitin rediyo, waɗanda ake aunawa a masana'anta a ajiye a wani sashe na ma'ajiyar allo. Idan direba bai san inda suke ba, Wi-Fi zai iya tashi da rauni ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Haka lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura a netwok, wadda sau da yawa a wajen guntun take. Akwai ma ieee80211-freq-limit, layin da ke taƙaita zangon rediyon da guntu zai yi aiki a kai, da ake amfani da shi idan guntu yana iya ɗaukar zango mai faɗi amma eriya ko amfilifayar allon ba sa kai wa can. A kula, wannan iyakar ƙarfe ce. Abin da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a watsa a Najeriya magana ce ta daban, kuma kanel yana karanta dokokin ƙasashe daga wata ma'ajiya mai suna wireless-regdb.

Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa takardar tana bayyana ƙarfen ne, ba direbanka ba. Kamar zanen gida take: yana nuna inda magini ya bi da bututu da waya, ko wane ne ya tare a gidan daga baya. Direba ana sake rubuta shi, wani lokaci a watsar da shi a kawo sabo, amma allon da aka sayar yana nan yadda aka ƙera shi, kuma wasu manhajojin da ba Linux ba, kamar U-Boot da FreeBSD, su ma suna karanta irin wannan bishiya. Saboda haka ake ɗaukar abin da aka amince da shi a takardar a matsayin alkawari, ba a canza shi ta hanyar da za ta kashe tsofaffin alluna. A ganina wannan tsanani ya dace, ko da yake yana ɓata wa sababbin masu aika gyara rai, domin sunan da aka zaɓa cikin gaggawa yau za a ci gaba da ɗaukar nauyinsa shekaru masu yawa. Duk abin da yake zaɓin mai amfani ne, kamar sunan netwok ko tashar da ake so a hau, ba shi da gurbi a ciki.

A da ana rubuta waɗannan takardu da zube kawai, babu mai tantance su sai idon mutum. Daga Linux 5.0 a 2019 aka fara rubuta su da YAML, wani tsarin rubutu mai ƙayyadaddiyar ƙa'ida, ta yadda kwamfuta za ta iya bincika su da kayan aikin dt-schema na Rob Herring. Kafin ka aika, ka gudanar da make dt_binding_check domin duba takardar da misalin da ke cikinta, sannan make dtbs_check domin a gwada bishiyar allonka da ita.

Tukuna ka fara duba ko guntunka yana da takarda, domin sau da yawa layi ɗaya kawai za ka ƙara a jerin compatible, wato jerin sunayen guntayen da takardar ta shafa. Sunan ya kasance da gajeren sunan kamfani, waƙafi, sannan ainihin lambar guntun, kamar qcom,ipq4019-wifi, ba tare da sa x a madadin lambobi don a haɗe dangi duka ba. Takardar ta zo a facinta daban, kafin facin direba, da kan magana mai farawa da dt-bindings, kuma sabuwar takarda ana son ta da lasisi biyu, GPL-2.0-only ko BSD-2-Clause. Rubutun scripts/get_maintainer.pl zai nuna maka waɗanda za ka tura wa. Idan suka dawo maka da gyare-gyare, ka amsa kowanne, ka aika zubi na biyu tare da bayanin abin da ka canza.